Tsohuwar A-kori-kura da Tarihin Haƙar Kuza a Ƙasar Jos

Gabatarwa

Duk wanda ya san garuruwan Jos da Bukuru da Barikin Ladi, ya san ba a rasa wata tsohuwar mota jibge a bayan gareji ko a gindin mangwaro, tayoyinta sun nutse cikin ƙasa, kaji sun mai da mazaunin direba akurki. Daga cikin irin waɗannan motoci akwai ƙirar Land Rover mai buɗaɗɗen baya, wadda muke kira a-kori-kura. Mafi yawan masu wucewa ba su ganin komai a jikinta sai tarin ƙarfe, 'yan gwangwan kuwa nauyinta a kan sikeli kawai suke lissafawa. Amma jefi-jefi akan sami wani mai sha'awa ya saye ta, ya kai ta wurin bakanike, a yi wata da watanni ana fama har ta sake tashi.

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna wa mai karatu cewa irin wannan mota shaida ce ta wani zamani da ya gina birnin Jos, ya jawo dubban kakanninmu daga ƙasar Hausa, ya kuma bar wa mutanen tsaunukan nan ramuka a gonakinsu, wato zamanin haƙar kuza. Za mu bi tarihin kuzar a taƙaice, mu ga inda motar ta shigo cikinsa, sannan mu dubi yadda ake gyara ta da abin da gyaran yake tonowa. Daga ƙarshe sai mu waiwayi abin da ya rataya a wuyanmu mu marubuta.

Kuza kafin zuwan mota

Ba Turawa ne suka fara gano kuza a ƙasar nan ba. Tun kafin zuwansu akwai masu narka ta a Liruwen Kano, wato Ririwai, da kuma Liruwen Delma a ƙasar Bauci. Sukan wanke yashin rafi su tace baƙar ƙwayar kuza, su narka ta da gawayi, su zuba ruwanta a gurabun da suka yi da tsinke, ta fito sirara-sirara kamar karan ciyawa. Fatake su ɗauka su kai kasuwanni. Waɗannan tsinkaye na dalma da ma'aikatan Kamfanin Neja suka gani a hannun fatake su ne suka sa kamfanin ya shiga neman inda ake samo su.

A shekarar 1902 kamfanin ya aiko wani masanin ma'adinai mai suna George Nicolaus, ya kuwa ga kuza a kogin Dilimi. A 1903 aka turo H. W. Laws, wanda daga baya aka fi sani da Kanar Laws, tare da rakiyar sojoji, ya kafa sansani a wajen Naraguta. Hawan tsaunukan bai zo da sauƙi ba, domin kuwa mutanen ƙasar sun yi tirjiya, da bakin bindiga aka buɗe hanya. Kafin a yi shekara goma kamfanoni sun yi ca a kan ƙasar, kowa ya yanki fegi ya kafa tuta. Su kuma masu narka kuza na gargajiya, doka ta danne sana'arsu har ta mutu.

Babbar matsalar kamfanonin a farko ita ce sufuri. Babu hanyar mota, babu jirgi. A kan mutane ake ɗora buhunan kuza, su yi kwana da kwanaki suna tafiya a ƙasa har zuwa Loko a bakin kogin Binuwai, inda ake zuba su a jirgin ruwa. Saboda haka ne aka shimfiɗa ƙaramar hanyar jirgin ƙasa mai faɗin ƙafa biyu da rabi daga Zariya, ta isa Rahama a 1912, ta kuma isa Jos da Bukuru a 1914. A 1927 babbar hanyar jirgi ta iso Jos ta Kafancan, kuza ta riƙa gangarawa Fatakwal. Ƙaramar hanyar ta Zariya ta ci gaba da lallaɓawa har aka rufe ta a 1957. Haka zalika saboda kuza aka samar da wutar lantarki ta ƙarfin ruwa a Kwall, sannan a Kurra inda kamfanin NESCO ya kafu a 1929, tun yawancin biranen Arewa suna kwana da fitilar aci-bal-bal.

Zamanin ɗiban gwamna

A 1939 wasu manyan kamfanoni suka haɗe suka zama Amalgamated Tin Mines of Nigeria, wanda aka fi sani da ATMN, ya zama uban tafiya a harkar. Akwai kuma irin su Bisichi da Jantar da Ex-Lands da Gold and Base, waɗanda har yau wasu unguwanni da ƙauyuka suke amsa sunayensu.

Da Japan ta ƙwace ƙasar Malaya a farkon 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, sai Ingila ta rasa babbar hanyarta ta samun kuza, ta juyo da ƙarfinta kan Nijeriya. Daga 1942 zuwa 1944 gwamnatin mulkin mallaka ta kafa aikin tilas a filayen kuza. Aka ɗora wa hukumomin En'e nauyin kawo mutane, dagatai da masu unguwanni suka shiga kamen talakawa daga lardunan Sakkwato da Katsina da Zariya da Bauci da Binuwai. Wannan shi ne abin da tsofaffi suke kira ɗiban gwamna. Dubun-dubatar manoma aka raba da gonakinsu aka kawo su ƙasa mai tsananin sanyi, babu isasshen abinci, babu abin rufa, ɗakunan kwana kuwa bukkokin ciyawa ne. Da yawa sun mutu da ciwon haƙarƙari da gudawa, musamman a wurin aikin madatsar ruwa ta Tenti, wasu kuma suka gudu cikin dare. A 1943 kuzar da aka haƙo ta haura tan 17,000, adadin da ba a taɓa kaiwa ba, ba a kuma sake kaiwa ba. Masanin tarihi Bill Freund ya yi cikakken bincike a kan wannan al'amari a littafinsa na 1981 game da jari da ƙwadago a filayen kuzar Nijeriya.

Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan a ransa, domin motar da muke magana a kai ta iso ne shekaru kaɗan bayan wannan ƙunci, ta kuma yi aiki a cikin barikokin da ya bari.

Shigowar Land Rover

Kafin yaƙi Turawan kuza suna yawo ne a kan dawaki da babura da ƙananan motocin Amurka irin su Ford da Chevrolet masu akwati a baya, waɗanda Hausawa suka laƙaba wa suna kitika. Sunan a-kori-kura kuwa, ga marubuci mai son asalin kalma, ya fito ne daga kurar da ake turawa da hannu a ɗauki kaya. Da ƙaramar motar kaya ta shigo sai ta kore ta daga kasuwa.

An fara nuna Land Rover ga duniya ranar 30 ga Afrilu, 1948, a bajekolin motoci na birnin Amstadam. Kamfanin Rover ne ya ƙera ta a garin Solihull na Ingila, bisa tunanin injiniyansa Maurice Wilks, wanda ya so ya yi wa manomi motar da za ta shiga gona ta kuma hau titi. Da yake a lokacin ƙarfe ya yi wuya a Ingila, gwamnati ke raba shi, sai aka yi bodinta da gorar ruwa. Wannan dabara ta dole ita ce ta zama sirrin daɗewarta, saboda gorar ruwa ba ta tsatsa irin ta baƙin ƙarfe. A tsakiyar shekarun 1950 aka fito da doguwa mai buɗaɗɗen baya, wadda tsakanin tayarta ta gaba da ta baya ya kai inci 107, daga baya aka ƙara zuwa 109. A 1958 aka fito da zubi na biyu, a 1961 aka ɗan sabunta shi, a 1971 kuma zubi na uku ya biyo baya.

Zuwanta ya dace da wani lokacin bunƙasa. A farkon shekarun 1950 Amurka ta shiga sayen wani ma'adini da ake samu tare da kuza, mai suna kolambait, wanda ake haɗa ƙarfen injin jirgin sama da shi domin ya jure zafi. A da zubar da shi ake yi cikin dusar kuza, sai ga shi ya zama abin nema, Nijeriya ta zama kan gaba a duniya wajen fitar da shi. Barikoki suka cika, aka koma tonon tsofaffin juji. Filayen aikin kuwa a warwatse suke, daga Bukuru zuwa Dorowa, daga Gana Ropp zuwa Ririwai, hanyoyin kuma jar laka ce da ke zama taɓo da damina. Manyan motoci da jirgi su ke kwashe kuza zuwa nesa, amma zirga-zirgar yau da kullum, ta kai manaja duba rami, da kai akwatin kuɗin biya bariki, da ɗauko kayan gyaran famfo, da kai wanda rami ya rufta wa asibiti, aikin ƙaramar mota ce mai jan taya huɗu.

Yadda ake tayar da ita

Bari mu ɗauki misalin doguwar a-kori-kura ta farkon shekarun 1960, mu ga abin da bakanike mai haƙuri yake yi. Abu na farko shi ne a raba ta gunduwa-gunduwa: a cire rufin kai da ƙofofi da bodin baya, a ɗaga injin da giya, har sai ƙashin motar ya rage tsirara, wato doguwar firam ɗin ƙarfe da komai yake zaune a kai. A nan ciwon yake. Bodin gorar ruwa yakan yaudari mai saye ya ga kamar motar lafiya lau take, alhali kuwa ƙashin da bangon da ke tsakanin injin da ƙafafun direba na baƙin ƙarfe ne, laka kan shige cikinsu ta kwana, tsatsa ta ci su daga ciki. Bakanike kan bi ƙashin da guduma yana ƙwanƙwasawa yana saurare. Inda ya ji amo ya mutu, mai walda ya yanke ya sa sabon ƙarfe. Inda kuma gorar ruwa ta haɗu da baƙin ƙarfe akan tarar ta zama farin gari tana rududdugewa, sai an kankare an sa abin da zai raba su.

Daga nan sai injin. Na fetur ɗin nan mai fiston huɗu, mai girman lita biyu da kwata, ba shi da gudu, amma yana da juriya, kuma babu abin da ke cikinsa da ya fi ƙarfin sifana da sukuddireba. Akan jiƙa fiston da suka kafe da mai na kwanaki kafin su motsa, a sa sababbin ringi, a wasa bawul, a wanke kafireto, a sake fulogi. A kwance sifirin ganye-ganye a goge a shafa musu maiƙo, a sabunta bututan birki baki ɗaya, domin ba a ciniki da birki. Wanda bai saba ba zai yi mamakin ganin sanda uku a gefen direba: babbar giya, da mai jan kai wadda ke ƙara wa motar ƙarfi a hawa ko taɓo, da mai rawayan kai wadda ake dannawa tayoyi huɗu su ja tare. Akwai ma kafa a gaba inda ake zura hannun ƙarfe a murɗa injin ya tashi idan batir ya mutu.

A wurin lagireto ne tarihin yake zagayowa. Lagireton irin wannan mota na tagulla ne da jan ƙarfe, kuma da dalmar liƙi aka haɗa shi, ita kuwa dalmar liƙi haɗin kuza ce da darma. Shekara da shekaru kuzar Jos ɗanya ake kai ta Ingila, a narka ta a masana'antar Williams Harvey da ke kusa da Libaful, sai a farkon shekarun 1960 aka kafa masana'antar narkawa ta Makeri a Jos. Wato ke nan irin abin da lebura ya wanko da hannunsa a rafi ana biyan sa 'yan sulalla, shi ne yake tafiya ƙetare ya dawo a cikin mota mai tsadar da ladan aikinsa na shekaru ba zai saya ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Abin da bai kamata a goge ba

A nan ne mai gyara da mai tarihi sukan saɓa. Burin mai gyara shi ne motar ta fito tana ƙyalli kamar yau aka sauke ta daga jirgi. Saboda haka yakan kankare fenti har ƙasa, ya cike kowace lotsawa, ya jefar da duk abin da ya tsufa. Alhali kuwa a cikin waɗannan abubuwa ne shaida take.

Alal misali, sitiyarin motar yana hannun dama. Wannan yana iya zama alamar cewa an kawo ta ne tun ana tuƙi a hannun hagu, kafin Nijeriya ta koma tuƙin hannun dama ranar 2 ga Afrilu, 1972. Agogon gudunta mil yake ƙirgawa. Idan fitilunta na gaba suna tsakiya kusa da juna, to ta girmi ƙarshen shekarun 1960, lokacin da aka mayar da su gefe. Akwai ƙaramin allo na ƙarfe a bangon gaba mai ɗauke da lambar motar, an kuma buga lambar a jikin ƙashinta. Da wannan lamba ana iya rubuta wa gidan tarihin motoci da ke Gaydon a Ingila, inda ake ajiye da kundayen masana'antar, a nemi ranar da aka ƙera ta da inda aka aika da ita. Idan kuma aka bi fentin ƙofa a hankali, fallen bayan falle, ana iya tarar da sunan kamfani ko lambar aiki a ƙarƙashin fentin ɗan kasuwar da ya saye ta daga baya, da kirarin da direban haya ya rubuta bayansa. Kowane falle zamani ne. Mai hikima zai ɗauki hotonsa ya rubuta abin da ya gani kafin ya shafa sabo, ya kuma bar daɓen baya da lotsawarsa, domin buhuna da diga da shebur ne suka yi ta.

Gaban mota da bayanta

A-kori-kura kashi biyu ce. A gaba akwai rufi da gilashi da mazaunin mutum uku. A baya kuwa babu komai sai daɓe da iska, sai tamfol in an yi sa'a. Tsarin aikin kuza ma haka yake. A gaba akwai manaja da injiniya, masu gidaje da lambun furanni a Rayfield. A tsakiya akwai akawu da makanikai da direbobi, da yawansu daga kudancin ƙasar nan. A baya akwai helma da leburorinsa, Hausawa da Barebari da Tibi da mutanen ƙasar Faransa, da 'yan cin rani masu neman kuɗin haraji, da matan Birom masu ɗaukar ƙasa a kwano, da masu wankin kuza na kansu waɗanda dole su sayar wa mai fegi a kan farashin da ya yanka.

Mafi yawan abin da aka rubuta aka ajiye daga mazaunin gaba aka rubuto shi: rahoton kamfani, da lissafin tan, da ribar masu hannun jari. Na baya ba su bar takarda ba. Amma su ne suka kafa garuruwan bariki, suka yaɗa Hausa har ta zama harshen kasuwa da wurin aiki a tsaunukan nan. Haka kuma a ramin kuza ne aka tono mutum-mutumin laka a ƙauyen Nok a 1928, abin da Bernard Fagg ya bi diddigi har aka san duniya da wata tsohuwar al'umma, aka kuma buɗe gidan tarihi na Jos a 1952. Hannun lebura ne ya fara taɓa yawancin waɗannan kayayyaki, amma sunansa bai shiga littafi ba. Su kuma manoman Birom da maƙwabtansu, gonakinsu ne aka farke, diyyar da aka ba su ba ta taka kara ta karya ba.

Faɗuwar kasuwa

Tun daga ƙarshen shekarun 1960 kuzar da ke kusa da sama ta fara ƙarewa, kuɗin haƙa ya ƙaru, man fetur kuma ya ɗauke hankalin gwamnati. A 1972 aka kafa dokar mallaka wa 'yan ƙasa kamfanoni, aka kuma kafa Hukumar Haƙar Ma'adinai ta Nijeriya mai hedkwata a Jos. Turawa suka riƙa tattara nasu ya nasu. A watan Oktoba na 1985 kasuwar kuza ta duniya ta rushe a Landan, farashi ya faɗi warwas, abin da ya rage na manyan kamfanoni ya durƙushe. Motocinsu aka yi gwanjo, suka koma ɗaukar dankali da itace da fasinjan ƙauye, Fijo 404 da motocin Japan kuma suka ƙwace musu hanya. Manyan injunan haƙa suka tsaya inda suka mutu, aka bi su da wutar walda ana yanka ana sayarwa.

Abin da ya rage a fili shi ne tuddan jar ƙasa da ɗaruruwan kududdufai masu zurfi. Wasu an mai da su wurin noman rani da kiwon kifi, na Rayfield ya zama wurin shaƙatawa, wasu kuwa suna cin mutane da dabbobi. Haƙar ma ba ta mutu ba. Da yake kusan rabin kuzar da duniya take amfani da ita a yau tana tafiya ne wajen liƙin kayan lantarki irin su wayar hannu da kwamfuta, matasa suna nan suna shiga ramukan da ake kira loto da igiya da tocila, rami yana ruftawa da wasu, kamar yadda ya rufta da kakanninsu.

Kammalawa

'Yan'uwa marubuta, Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Wanda ya shiga ɗiban gwamna yana saurayi a 1943, in yana raye yau ya kai shekara ɗari ko ya doshe ta, saboda haka wannan ƙofa ta kusa rufewa ruf. Amma direbobi da makanikai da leburorin shekarun 1960 da 1970 akwai sauransu a Bukuru da Barikin Ladi da Bisichi, akwai kuma waɗanda suka koma garuruwansu na asali a Kano da Katsina da Sakkwato. Tsoho ba ya son a zo masa da takarda ana yi masa tambayoyi kamar ɗan sanda, amma a nuna masa tsohuwar mota ko hotonta, sai ka ji baki ya buɗe: wane ne ya tuƙa ta, nawa ne ladan mako, wace waƙa ake yi a bakin rami, me ake ci ranar biya, wa ya tafi bai dawo ba.

Shawarata ita ce kowane reshe na ƙungiyarmu da ke da irin waɗannan dattawa ya sa matasansa su ziyarce su, su naɗi muryarsu, su rubuta da Hausar da suka faɗa, ba tare da gyara musu kalmomin sana'arsu ba. A ciki akwai labari, akwai wasan kwaikwayo, akwai waƙa, akwai kuma kalmomin da babu su a ƙamus. Masu gyaran motoci kuma muna roƙon su da su adana lamba da hoto da takardun motar kafin su shafa fenti, in kuma motar ta tashi su kai ta makarantu yara su gani, a gaya musu wanda ya zauna a gaba da wanda ya tsaya a baya. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu a bakin wannan aiki, mu kuma ya ba mu ikon rubuta tarihinsu bisa gaskiya, amin.